Dutsen Tebur da Kaburburan Malamai a Gonakin Inabi

Duk wanda ya taɓa ganin hoton birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya san dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai, kamar an sa wuƙa an sare ƙololuwarsa. Shi ne Dutsen Tebur. Tsayinsa ya ɗan haura mita 1,080, kuma tun 1929 ake haurawa da 'yan yawon buɗe ido samansa cikin keken da ke rataye a igiyar ƙarfe. Da zafi ya kama, iskar kudu maso gabas kan kwaso danshin teku ta hau dutsen, ta huce, ta zama farin gajimare mai kwararowa ta bakinsa, amma kafin ya iso ƙasa ya watse.

Tsirran da ke kansa, waɗanda ake kira fynbos, gajeru ne masu taurin ganye, kuma da dama ba a samun su ko'ina a duniya sai a wannan yankin. Shi ya sa hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren gado na duniya a 2004. Wani abin mamaki, irin wasunsu ba ya tsirowa sai gobara ta bi ta kansa. Sai dai wuta ba ta san iyaka ba: a watan Afrilun 2021 ta gangaro ta ƙone ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town, aka yi asarar tarin littattafai kan tarihin Afirka.

Masu ɗaukar hoto sun fi son fuskar dutsen, ni kuwa a ganina labarin yana bayansa. Can, a gindin tsaunukan da suka miƙa kudu, akwai kwarin Constantia, inda gonakin inabi suka jeru a kan gangara. Ƙasar wurin daga ruɓaɓɓen dutse ta samu, ruwa ba ya kwanciya a cikinta, ga iskar teku na rage zafin rana. Turawan Holan sun kafa zango a Cape a 1652, suka matse inabinsu na farko a 1659, sannan a 1685 shugabansu Simon van der Stel ya mallaki gonar Constantia. Giyar wurin ta yi suna har fadojin Turai. Napoleon ma ita ake kai masa lokacin da yake tsare a tsibirin St Helena.

To, wa ya yi noman? Bayi ne, waɗanda aka kwaso daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indonesiya. Ko bayan an soke bauta a 1834, masu gonaki a yankin sun daɗe suna biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, mugun tsarin da ya jefa zuriya bayan zuriya cikin shaye-shaye.

A cikin waɗannan gonaki ne kuma ake tarar da hubbaren malaman Musulunci, da mutanen Cape ke kira kramat. Shehu Abdurrahman Matebe Shah da Sayyid Mahmud manyan mutane ne a Sumatra. Turawan Holan suka kama su, suka kawo su nan a 1668, suka kai su dajin Constantia don nesanta su da jama'a. Dabarar ba ta ci ba. Bisa abin da Musulmin Cape suka gada daga kakanni, a dajin ne suka riƙa karantar da bayin da suka gudo.

Gwamnatin wariyar launin fata ta ware Constantia ga Turawa zalla a 1961, aka tashi iyalan da suka yi shekara da shekaru a wurin, aka watsa su a unguwannin bayan gari. Masallatai da maƙabartu ne suka tsaya. Har yau maniyyata da yawa daga Cape Town sukan je ziyara kramat ɗin nan, su yi addu'a, kafin su kama hanyar Makka.