Zaɓen Kan Allurar Garmaho: Lissafin Da Mai Saye Kan Manta

Shekaru talatin da suka wuce, an ɗauka faifan garmaho ya yi ban kwana da kasuwa. Amma a shekarar 2022, alƙaluman ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka sun nuna an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a ƙasar, yayin da faifan CD ya tsaya a miliyan 33, abin da ba a taɓa gani ba tun 1987. Wannan farfaɗowa ta tayar da cinikin wani ɗan ƙaramin abu da bai kai girman dabino ba, wato kan allura, wanda ke maƙale a bakin hannun garmaho yana mai da zanen da ke jikin faifai zuwa lantarki.

Farashinsa na farawa daga ƙasa da dala 100, ya haura dala 10,000, kuma tazarar ba ta nufin mai tsadar ya fi daɗin sauti sau ɗari.

Iri biyu ne suka mamaye kasuwar. A na farko, wanda ake kira MM, ɗan maganaɗisu ne ke motsi tare da allurar. A na biyu, MC, siririyar wayar da aka naɗe ce ke motsi, maganaɗisun yana zaune. Da yake wayar ba ta da nauyi, masana sauti da dama na ganin MC ya fi bin zanen faifai dalla-dalla. Kamfanin Ortofon na ƙasar Denmak ya fara ƙera irinsa tun 1948. Sai dai ƙarfin lantarkin da yake fitarwa kaɗan ne. Samfurin Denon DL-103, wanda aka ƙera wa gidan rediyon NHK na Japan a farkon shekarun 1960, milibolt 0.3 yake bayarwa, alhali MM kan ba da wajen 3 zuwa 5. Ke nan wanda ya sayi MC sai ya tanadi tiransifoma ko amfilifaya ta musamman, wadda wani lokaci kuɗinta kan kai na kan allurar kansa.

Babban lissafin yana wajen lalacewa. Bakin allurar lu'ulu'u ne, amma yana cinyewa. Kamfanin Audio-Technica na Japan ya ƙiyasta cewa baki mai siffar ƙwai kan yi awa 300, mai zagaye awa 500, siriri irin na zamani kuwa awa 1,000. Idan allurar MM ta ƙare, zare ta ake yi a sa sabuwa. Ta MC ba ta cirowa. Sai an mayar wa kamfani a yi musaya, ko a aika wa gwanin gyara. Saboda haka kan allura na dala 2,000 da zai yi awa 1,000, dala 2 yake ci a kowace awa ta saurare, ban da kuɗin aike. Wannan kaya ne mai ƙarewa kamar tayar mota, ba kadara ba, ko da yake 'yan kasuwar ba su cika son a faɗi haka ba. Ga mai saye a Nijeriya, nauyin ya ƙaru, domin dala da ke kusan naira 460 a farashin hukuma kafin watan Yunin 2023 ta wuce naira 1,500 a 2024.

Akwai kuma batun dacewa da hannun garmaho, wanda kuɗi ba ya magancewa. Allura tana zaune ne a kan ɗan roba mai laushi ko mai tauri. Mai tauri, irin DL-103 da ake danna shi da nauyin giram 2.5, hannu mai nauyi yake so; mai laushi kuma hannu marar nauyi. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce girgizar haɗin biyun ta tsaya tsakanin sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa. In ta yi ƙasa, allura takan yi tsalle a kan faifan da ya lanƙwashe. In ta yi sama, sai ta gurɓata amon ƙasa-ƙasa na kiɗan.

Ya kamata mai saye ya duba ƙarfin kamfanin ma. Shure na Amurka, wanda ya daɗe yana jan ragamar kasuwar, ya daina ƙera kan allura a 2018, ya bar masu samfurinsa suna dogaro da allurar wasu kamfanoni irin su Jico na Japan.

Yanayin faifan da ke gida shi ma abin lura ne. Mai tarin tsofaffin faya-fayan Decca da EMI na Legas da suka sha ƙura da ƙarzuwa asara zai yi in ya ɗora musu allurar dubban daloli. MM mai matsakaicin farashi da na'urar wanke faifai sun fi masa amfani. Faya-fayan da suka gabace su, masu juyi 78 a minti, zanensu ya fi faɗi kusan ninki uku, don haka allura dabam suke bukata.