Ko Kun Sani? Allurar Kotizon Ba Ta Ɗinke Jijiyar Kafaɗa

Jijiyoyi huɗu ne ke riƙe da kan ƙashin hannu a gurbinsa na kafaɗa, kuma in ɗaya ta yage, ko riga za a sa sai an cije. Allurar kotizon kumburi take kwantarwa, yagewar kuwa tana nan daram. Wani binciken Jami'ar Oksfod kan mutum 708 masu ciwon waɗannan jijiyoyi, da mujallar Lancet ta buga a 2021, ya ga ɗan sauƙi a mako na takwas, amma cikin wata 12 allurar ba ta ƙara komai ba.

Wani zai ce sauƙin wata biyu ba abin rainawa ba ne ga wanda ciwo ke hana barci. Haka ne, musamman in ya yi amfani da sararin ya dage da atisayen kafaɗa. Sai dai yawan maimaita allurar na raunana jijiyar, tana kuma ɗaga sukarin mai ciwon sukari. Ita kuma allurar PRP, wadda ake tacewa daga jinin majiyyacin, ta fi tsada, bincike kuma bai tsaya kan magana ɗaya ba game da amfaninta.