Ɗan Tsirya a Tafin Hannu: Me Za a Ɗura Masa?

Garin Gabi yana kudancin gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi, dab da iyakar Najeriya, a gefen dajin Babban Rafi wanda birnin Maraɗi ya daɗe yana dogara da shi wajen itacen girki. Yankin yana cikin dogon zirin ƙasar da tsirya ke zaune, tun daga Senegal har Sudan. Ita ce koriyar tsuntsuwar nan mai dogon bindi, wadda namijinta ke da zobe a wuya, mai sauka gonar dawa da tsuwa idan zangarniya ta nuna. Tsirya ba ta saƙa sheƙa. Kogon tsohuwar bishiya take nema, ta zuba ƙwai uku ko huɗu, ta kwanta musu mako uku da 'yan kwanaki. Saboda haka gatarin da ya kayar da tsohon itace a lokacin ƙyanƙyasa yana iya zubo da 'ya'ya ƙasa, ban da waɗanda yara ke zura hannu su ɗebo don sha'awa ko don 'yan kuɗin kashewa.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. A kai ɗan tsuntsu gida, a sa shi a ƙwarya, a ɗura masa kunu ko fura, wani ya kawo madara don tausayi. Bayan kwana uku ko huɗu a tarar da shi a sanƙame, jakar nan ta ƙasan wuyansa cike da abinci mai tsami. Sai a ce tsuntsun daji ba ya zama a hannu. Alhali a mafi yawan lokuta abincin ne ya kashe shi, ko zafinsa, ko yadda aka ɗura shi.

Kafin a kai ga abinci, in iyayen suna kusa a mayar musu da ɗansu. Zancen cewa uwa tana ƙin ɗan da hannun mutum ya taɓa ba shi da tushe. Idan bishiyar ce ta faɗi, ana iya sare gunduwar da kogon ke ciki a ɗaure ta a bishiya mafi kusa, kukan 'ya'yan ya jawo iyayen. Nijar tana da doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998 da ta tsara farauta da kare namun daji, don haka ma'aikatan gandun daji su ne ya kamata a fara sanar wa. Maganar da ke tafe ta shafi ɗan da babu yadda za a yi da shi sai raino.

Masu kiwon tantabara sun san yadda iyaye ke ɗura wa 'ya'ya baki da baki. Haka dangin aku, waɗanda tsirya ke cikinsu, suke yi. Uwa ta ci tsaba da 'ya'yan itace da tohon ganye da furanni, su jiƙa a cikinta, ta amayo su da ɗumin jikinta, wajen digiri 40. Da wannan ne jinjirin da aka ƙyanƙyashe tsirara, ido rufe, nauyinsa bai kai giram 10 ba, yake ninka kansa fiye da sau goma, ya yi ƙashi da gashi, ya tashi sama cikin mako bakwai. Jikin da ke gudun girma haka yana neman furotin wajen kashi 20 cikin 100 na busasshen abincinsa, da maiƙo, da kalsiyam wajen kashi 1 cikin 100, da bitamin A da D.

Gero bai kai nan ba. Furotin ɗinsa kusan rabin abin da ake nema ne, kalsiyam ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, sannan idan aka dama shi kunu ruwa ya ƙara tsinka ɗan abin da ke ciki. Ɗan tsuntsun da ya tsira a kan kunu zalla yakan taso da lanƙwasassun ƙafafu da fuka-fukan da ba za su ɗauke shi ba. Koko da kunun tsamiya suna da tsami tun daga tukunya, kunun kanwa yana da gishirin da ƙodarsa ba ta ɗauka, sukari kuma yana ciyar da ƙwayar cutar da ke ruɓar da abinci a jakar wuya. Madara, ta gari ce ko ta saniya, tsuntsu ba shi da sinadarin narkar da sukarin da ke cikinta, zawo kawai take sa shi. Wannan ya haɗa da garin jarirai irin su Cerelac mai madara, wanda mutane da yawa ke ɗauka shi ne gatan ƙarshe.

Gyaɗa ta fi ba ni tsoro, domin a ƙasar Maraɗi, wadda ta yi suna da cinikin gyaɗa kafin farin shekarun 1970, ita ce hannu ke fara kaiwa gare ta idan aka ce abinci mai gina jiki. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, bincike ya kai ga garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Barazil, kuma daga nan ne duniya ta san gubar afalatoksin, wadda funfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. Ba ta da ɗanɗano, dahuwa ba ta kashe ta, hanta take ci, tsuntsaye kuma suna cikin halittun da ba su jure ta. Ƙuli-ƙulin kasuwa da ba a san gyaɗarsa ba bai kamata ya kusanci bakin jinjiri ba.

Akwai kuma masu tauna abinci su ba tsuntsu daga bakinsu. Ƙwayoyin cutar bakin mutum suna yi wa tsuntsu illa, shi ma yana da tasa da zai bayar. Zazzaɓin aku, mai kama huhu, ya bazu a Turai da Amurka a 1929 da 1930 ta hanyar tsuntsayen da aka kawo daga Kudancin Amurka, ya kashe mutum sama da 100.

Masu kiwon aku a Turai da Amurka su ma da haɗe-haɗen gida suka fara, biskit ɗin birai da man gyaɗa da garin jarirai, kafin kamfanoni su fito da garin ɗura na musamman. Yau akwai Kaytee Exact da Harrison's daga Amurka, da NutriBird na kamfanin Versele-Laga na Beljiyam. NutriBird ya sauƙaƙa zaɓi, don lambar da ke jikin gwangwanin ita ce yawan furotin. A21 yana da kashi 21 da maiƙo matsakaici, shi ya dace da tsirya da ƙaramin koren akun nan mai toka-tokan kai da ruwan ɗorawa a ciki. A19 yana da kashi 19 amma ya fi maiƙo, an yi shi don manyan tsuntsaye irin aku mai jan bindi, wanda a dajinsa 'ya'yan kwakwar manja yake ci. Wanda ya samu gwangwani ta hannun 'yan kasuwar Kano ko Yamai ya duba ranar lalacewarsa, ya tabbata ba a buɗe ba. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana sa maiƙon ya yi ɗoyi, bitamin ya mutu. Garin da aka ƙulla a leda ba suna ba lamba, ban ga dalilin amincewa da shi ba ko da an rantse.

Tun da an ambaci aku mai jan bindi, shi ba ɗan ƙasar Hausa ba ne. Daga kurmin kudu yake zuwa, daga Gana da kudancin Najeriya da Kamaru har Kwango. Fiye da miliyan ɗaya aka fitar daga Afirka tun daga 1975, wani bincike da aka buga a 2016 kuma ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992. A Oktoban 2016, a taron Johannesburg, ƙasashen yarjejeniyar CITES, mai tsara cinikin namun daji, suka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Mai sayen jinjirin aku yana tunanin in ya raine shi da hannu zai fi sabo da surutu. Masu bincike a Jami'ar Bern ta Suwizalan sun duba wannan a 2006, suka ga akun da aka raina da hannu ya fi wanda iyayensa suka raina faɗa da zaɓen mutum idan ya girma. Holan ta hana raba 'ya'yan aku da iyayensu kafin yaye tun 2014. Ni ina ganin sun yi daidai.

To, mutumin Gabi da jinjiri ke kuka a hannunsa yau, gwangwani kuma yana nesa da shi da ɗaruruwan kilomita? Mafi kusa da abin da ake nema shi ne abincin 'yan tsaki na farko da masu kiwon kaji ke saye a Maraɗi ko Jibiya, domin an auna masa furotin wajen kashi 20 da kalsiyam da bitamin. A nemi sabo, wanda ba a zuba wa magani ba, a niƙa shi lukui, a tankaɗe. Kada a kuskura a ɗauko na kaji masu ƙwai, kalsiyam ɗinsa ya ninka abin da ake so sau uku ko huɗu, yana lalata ƙoda. In wannan ma ya gagara, a dafa garin gero ko masara mai tsabta ya nuna sosai, a murje dafaffen ƙwai a ciki, a ƙara gasasshen garin waken suya, don ɗanyensa yana hana narkewa, da ɗan garin ɓawon ƙwan da aka tafasa, da ɗigon manja ko garin zogale kaɗan. Wannan na tsallake 'yan kwanaki ne kafin a ga malamin dabbobi, ba wanda ya auna shi.

Gari mai kyau ma yana kisa a hannun da bai iya ba, kuma zafi ne kan gaba. Abincin ya kasance tsakanin digiri 39 da 41. Ya haura haka, sai ya ƙona jakar wuya, ƙunar ba ta bayyana sai bayan kwanaki, fata ta huje abinci ya riƙa tsiyaya. Ya yi sanyi kuma, sai ya zauna bai wuce ba har ya ruɓe. Ma'aunin zafin da ake sayarwa a farmasi ya isa wannan aikin, kuma ya fi yatsa gaskiya. A dama da tafasasshen ruwan da ya huce, a juya sosai. A kwana biyun farko a tsinka shi, awo ɗaya na gari da shida na ruwa, a riƙa ƙara kauri har ya kai ɗaya da biyu bayan kwana biyar. Kowace ɗura da sabon damu. Ragowa a zubar, a wanke cokali da sirinji da ruwan zafi.

Jikin jinjirin shi ma sai da ɗumi. Wanda ba shi da gashi yana son wajen digiri 35, daren hunturu a ƙasar Maraɗi kuwa yakan sauka ƙasa da 15. Tsuntsun da ya yi sanyi ba ya narkar da komai, don haka a fara ɗumama shi kafin a ba shi abinci. Kwalbar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma a gefen kwali ta wadatar. Garwashi da hayaƙi a nisanta su, huhun tsuntsu ba ya ɗaukarsu.

Awon kowace ɗura wajen kashi ɗaya cikin goma ne na nauyin jikinsa: mai giram 50 ya sha mililita 5. A makon farko duk bayan awa biyu ko uku, a riƙa ragewa yayin da gashi ke fitowa. Jakar wuya ta cika ta yi taushi, kada ta ɗaure kamar ganga, kuma a bar ta ta zama wayam aƙalla sau ɗaya a kwana, yawanci da asuba. In gari ya waye da abincin jiya a ciki, kada a ƙara wani a kai, a ba shi ruwan ɗumi kaɗan a nemi taimako.

Ƙofar numfashin tsuntsu tana gindin harshe. Idan aka taɓa gefen bakin jinjiri mai jin yunwa, sai ya fara kaɗa kai sama da ƙasa da sauri, a lokacin nan ƙofar take rufewa. Sai yana kaɗa kan ake zuba abinci, ya tsaya a tsaya. Wanda ya matsa sirinji da ƙarfi a bakin da bai nema ba, cikin huhu yake zubawa, tsuntsun ya ƙware ya mutu nan take ko ciwon huhu ya ɗauke shi daga baya. Ga sabon hannu, ƙaramin cokalin shayi da aka lanƙwasa gefensa biyu ya fi sirinji aminci, don tsuntsun ne da kansa ke jan abin da zai iya haɗiyewa.

Daga mako na biyar ko na shida ɗan tsirya zai fara ƙin ɗura, nauyinsa ya ɗan ragu, yana ta kaɗa fuka-fuki. Shirin tashi ne, ba ciwo ba. A nan ake ajiye masa zangarniyar gero da jiƙaƙƙiyar dawa da yankan gwaiba ko mangwaro ko karas, ya yi ta wasa da su har ya koyi ci. A fara janye ɗurar rana, ta dare ce ta ƙarshe, kuma ba a yanke ta da yunwa don a gaggauta yaye. Tsirya takan kammala yaye a wata biyu zuwa biyu da rabi, ƙaramin koren aku a wata uku, mai jan bindi kuma yakan kai wata huɗu.