Jinginar Gona a Fadamar Haɗejiya: A Rubuta, A Kira Shaidu

'Yan'uwa manoma, a yawon da muke yi cikin ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma, ba duk tambayoyin da ake yi mana ne na iri da taki ba. Sau da yawa bayan an tashi taro, wani yakan ja mu gefe ya ce gonar ubansu tana hannun wani, ya kuwa hana su. In muka bi maganar, galibi sai mu tarar jingina ce aka yi da baki, shekaru masu yawa da suka wuce. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani a kan wannan al'amari.

Yadda rigimar takan tashi

Ga misali irin wanda muka sha ji. A farin 1984 wani magidanci ya rasa abin da zai ba iyalinsa. Ya karɓi buhun gero uku a wurin maƙwabcinsa, ya ba shi fadamarsa jingina. Mutum biyu suka shaida. Ba a rubuta kome ba, gama su aminai ne. Yau dukansu huɗu sun rasu. 'Ya'yan mai gona sun zo za su fanshi gonarsu, 'ya'yan maƙwabci kuwa sun ce ubansu saye ya yi. Mai yiwuwa ba wanda yake ƙarya da gangan. Kowa abin da ya ji a gidansu yake faɗi.

To, me ya sa gonar da aka bayar a bakin buhu uku ta zama abin zuwa kotu? Darajar fadama ce ta sāke. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Tun daga nan kogin Haɗejiya bai ƙara bin al'adarsa ta dā ba. Waɗansu wuraren da ruwa yakan malale kowace shekara suka bushe. Waɗansu kuma ruwa ya kwanta a kansu rani da damina, har kachala ta cinye su. Sa'an nan injin ban ruwa ya yawaita, ga kuma aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a wajen Auyo. Filin da ake nomawa sau ɗaya a shekara ya koma ba da shinkafa da damina, alkama ko tattasai da rani. Ambaliya irin ta 2020 da 2022 kuwa takan share gamba da tudun ƙasar da aka sa iyaka. Gona ta yi tsada, shaidu sun mutu, iyaka ta ɓace.

Hanya huɗu, kada a gauraya su

Ban da gado, gona takan shiga hannun wani ta hanya huɗu. Aro, watau mai gona ya ba ka ka noma, ranar da ya bukata ya karɓi abinsa bayan ka kwashe amfani. Haya, watau ka biya kuɗi ko hatsi na damina ɗaya ko na rani ɗaya. Jingina, watau mai gona ya karɓi bashi, kai kuma ka riƙa nomawa har ya biya. Sayarwa kuwa, mai gona ya rabu da ita ke nan. A ido duk ɗaya suke, gama abin da mai wucewa yake gani shi ne wane yana noma wurin. Bambancin yana cikin maganar da aka ƙulla ranar farko.

Abin da doka ta ce

A ran 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, kuma har yanzu tana aiki. Dokar ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Manomi yana da haƙƙin zama da noma a gonarsa, magadansa kuma su gāji wannan haƙƙi. A karkara, ƙaramar hukuma ce take ba da takardar shaidar wannan haƙƙi. Dokar kuma ta hana a miƙa gona ga wani, ko ta saye ko ta jingina, ba tare da yardar ƙaramar hukuma ba. Mun sani mutane kaɗan ne suke bin wannan ƙa'ida, amma ranar shari'a ana iya ɗauko ta.

Sai mu lura da maganar diyya. In gwamnati ta karɓi fili domin hanya ko magudanar ruwa, abin da doka ta ce a biya shi ne amfanin gona da itatuwa da rijiya da gini da sauran aikin da aka yi a wurin. Idan gonar tana hannun mai jingina, ba takarda, nan take gardama za ta tashi a kan wanda zai karɓi kuɗin.

Game da jingina, kotunan Nijeriya sun daɗe da tabbatar da cewa bisa ga al'ada daɗewa ba ta mai da jingina saye. Ko bayan shekara 50, mai gona ko magadansa suna iya fansa. Amma akwai wata ƙa'ida da ya kamata mu sani, tun da yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, ƙarar gona kuma sau da yawa gaban alƙali take zuwa. Ana kiranta hauzi. In wanda ba danginka ba ya shekara 10 yana noma gona a kan idonka, ba ka ce kome ba, ba kuwa abin da ya hana ka magana, to, ƙararka tana iya faɗuwa. Tsakanin dangi wa'adin yakan kai shekara 40. Hauzi ba ya aiki a kan aro ko jingina. Sai dai kai mai ƙara ne za ka kawo shaidar cewa aro ne ko jingina. A nan ne 'ya'yan magidancin da muka ambata suka rasa ta cewa.

Gonar gandu

Gonar da uba ya bari, ba a raba ba, ta magada ce duka. Babban wa yana shugabancin gandu, amma ba shi da ikon jinginar da ita shi kaɗai. Mun ga gidajen da suka watse saboda wa ya karɓi kuɗi a ɓoye, ƙanne suna ci rani a Kano ko Legas. A nemi yardar kowa, har da 'ya'ya mata da ke gidan aure da gwauruwar mamaci. Magidanci Kirista kuma ya yi ƙoƙari ya rubuta wasiyya tun yana da lafiya, domin kada a bar marayu da jayayya.

Abin da za a rubuta

Ba lalle sai an nemi lauya a kan kowace ƙaramar gona ba. Takarda da Hausa, ko da boko ko da ajami, ta fi babu nesa ba kusa ba. A sa waɗannan a ciki:

1. Sunayen masu yarjejeniya da kwanan wata.
2. Irin yarjejeniyar: aro, haya, jingina ko saye. A rubuta kalmar sosai.
3. Maƙwabtan gona gabas da yamma, kudu da arewa, da tsawonta da faɗinta.
4. Abin da aka karɓa, da abin da za a mayar. In hatsi ne, a faɗi ko hatsi za a biya ko kuɗi, gama darajar Naira tana sākewa.
5. Lokacin fansa. Ya fi kyau ya zama bayan girbi, domin kada a ƙwari wanda ya shuka.
6. Wanda yake da mangwaro da giginya da rijiyar da ke ciki, da wanda zai karɓi diyya in gwamnati ta zo.
7. Sa hannu ko dangwalen yatsa na shaidu, har da matasa biyu, ba tsofaffi kaɗai ba.

Bulama ko dagaci ya sa hannu, sa'an nan a kai sashen filaye na ƙaramar hukuma. Kowane gefe ya riƙe kofi. A ɗauki hotonta da waya, a ajiye ta cikin leda a wuri mai tudu, ko a ba da ajiya a ofishin ikkilisiya. A kusurwoyin gona a kafa dutse ko a dasa itace wanda ruwa ba zai tafi da shi ba.

Waɗansu sukan ce neman takarda a wurin ɗan'uwa rashin yarda ne. Mu tuna da annabi Irmiya a sura ta 32 ta littafinsa. Daga hannun danginsa Hanamel ya sayi gona a Anatot, a bakin shekel 17 na azurfa. Duk da haka ya rubuta, ya kira shaidu, ya ba Baruk takardun ya sa a tukunyar ƙasa domin su daɗe. Wanda yake da tsohuwar jingina ta baki, ya je wurin maƙwabcinsa a wannan rani, tun masu shaida suna da rai, su zauna gaban bulama su rubuta.