Uwargida a Birtaniya: Hattara da Waya a Kan Sitiyari

Uwargida, idan aure ko karatu ya kai ki Birtaniya har kika samu lasin tuƙi, ki sani shekaru biyun farko na gwaji ne. Dokar sababbin direbobi ta 1995, wadda ta fara aiki a 1997, ta ce duk wanda ya tara makin laifi 6 a wannan lokaci a soke lasinsa.

Tara shidan ba wuya. Gudun wuce ƙa'ida aƙalla maki 3 ne, sau biyu ke nan an gama. Riƙe waya ana tuƙi kuwa, tun 2017 maki 6 ne cif da tarar fam 200. Wato amsa kiran maigida sau ɗaya, ko kina tsaye a danja, ya isa.

Daga nan kin koma 'yar koyo: lasin wucin gadi, alamar L a jikin mota, ba fita sai da gogaggen direba a gefenki. To, wa zai kai yara makaranta da sanyin safiya?

Sai jarrabawar kwamfuta daga farko. Tambayoyi 50 cikin minti 57, dole ki ci 43. Sannan bidiyo 14 na hango haɗari, ana neman maki 44 cikin 75. Kada ki raina shi don hannunki ya saba da mota. Idan kika yi ta latsawa barkatai, kwamfutar za ta ba ki sifili a wannan bidiyon.

In kin ci, shekara biyu gare ki ki tsallake gwajin tuƙi a titi, in ba haka ba sakamakon ya mutu.