Shin Ko Kun San Mutum Ɗaya Na Iya Zama Runduna?

Shin ko kun san a wasan intanet na World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 2004, akwai masu juya jarumai biyar a lokaci guda? Mutum ɗaya fa! Hannu biyu, kujera ɗaya.

Duk wanda ya taɓa riƙe garma a gona ya san wuyar haɗa kan bijimai biyu a ƙarƙashin karkiya ɗaya. To ku ƙaddara biyar ne, kowanne da inda ya sa ido.

Sirrin yana cikin makro, wato dunƙulen umarni da ake rubutawa a liƙa wa madanni guda. Kun san iyakar tsawonsa? Haruffa 255 kacal! Bai cika tes biyu na waya ba.

Ga inda abin ya fi burge ni. Dukan abokin gaba ba shi ne wuyar ba, wuyar ita ce duka biyar su san wa za su doka. Sai a naɗa jarumi ɗaya jagora, a rubuta wa sauran layi biyu. Na farko /assist da sunan jagoran, ma'ana "duba wanda yake kallo". Na biyu /cast, ma'ana "saki makaminka". A da, danna ɗaya ake watsa musu duka, tsawa biyar ta faɗa wa mutum guda! Tafiya kuwa /follow ce, su bi shi ɗuu kamar 'yan tsaki.

Amma fa a yi hattara. Labarin wanda jagora ya zaɓa sai ya je uwar na'urar kamfani ya dawo. Ka yi gaggawar dannawa, mabiyan su auka wa na ɗazu!

In jagora ya mutu fa? Runduna ta makance. Shi ya sa gwanaye suka koma /focus, alamar da ake ɗagewa daga kan wannan a ɗora wa wancan nan take. Wannan dabara ta cancanci jinjina.

Ku ji ta kuɗi. Kowane jarumi da asusunsa, dala 14.99 a wata. Biyar sun tasam ma dala 75! A 2008 ma an yi ta yaɗa labarin wani mai asusu 36 a kan kwamfuta 11. Talatin da shida!

Yawan 'yan wasan World of Warcraft gaba ɗaya? Sun kai miliyan 12 a 2010.

Kun san ƙarshenta an taka wa masu runduna birki? Kamfanin CCP na ƙasar Aisland, mai wasan EVE Online, ya hana watsa danna ɗaya zuwa asusu da yawa daga 1 ga Janairu, 2015. Blizzard ya bi sahu a Nuwamba 2020. Mallakar asusu barkatai dai ba laifi ba ce har yanzu, sai dai kowane jarumi sai ka danna masa nasa da yatsanka.