Ciyawar Teku da Dashen Reshe: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Manomin rogo kara yake sara ya binne. Haka mai dankali da yaɗonsa, mai rake da gaɓoɓinsa, haka uwargidan da ta karyo reshen zogale ko shuwaka ta soke a bayan ɗaki. Duk wanda ya saba da irin wannan dashe ya san cewa kwanakin farko su ne na fargaba. Reshen bai da saiwar da zai sha ruwa, ga shi kuma iska da rana suna ta tsotse ɗan danshin da ke jikinsa. In saiwa ta fito da wuri, ya kama. In ta makara, ya zama itacen wuta.

A wannan gaɓa ce ruwan ciyawar teku yake da amfani, shi ya sa masu renon itatuwa a ƙasashe da dama suka rungume shi.

Mutanen bakin teku sun daɗe da sanin darajar wannan ciyawa. A tsibiran Aran na ƙasar Ailan, inda ƙasa kusan duk falalen dutse ce, mazauna sun riƙa jibga ciyawar teku da yashi a kan dutse har suka samu gonakin dankalin Turawa. A Ingila aka fara tatsar ruwanta ana sayarwa a kwalba, wajen farkon shekarun 1950, da sunan Maxicrop. Yau akasarin irin wannan ruwa daga ciyawa biyu ake yin sa: Ascophyllum nodosum ta gaɓar Norwe, Ailan da Kanada, sai Ecklonia maxima ta Afirka ta Kudu, wadda ake yin Kelpak da ita.

Ga abin da ke faruwa a jikin reshe. Tsiro yana ƙera wani sinadari mai suna oksin a kan tohonsa da ƙananan ganyensa, sinadarin kuma ƙasa yake gangarowa. Idan aka yanke reshe, sai ya taru a bakin yankan, shi ne yake umartar wurin ya fitar da saiwa. Wannan ne ma dalilin da ya sa karan rogon da aka dasa kai a ƙasa ba ya yin kirki. Ruwan ciyawar teku yana ɗauke da sinadaran da ke zaburar da wannan aiki, ga fotash, ga ɗan ƙarfe, zinki da boron, ga kuma wani abu mai yauƙi da ake kira aljinet wanda ke taimaka wa ƙasa riƙe ruwa. Reshen da ya samu wannan taimako yakan fitar da saiwoyi masu yawa, ya kuma fi jure wahalar sauya wuri.

Amma a yi hattara da kalmar taki a nan. Naitirojin da fosfaras ɗin da ke cikin ruwan ciyawar teku kaɗan ne ƙwarai, ba zai maye gurbin kashin shanu, yuriya ko kamfa ba. Sai dai wannan ƙarancin alheri ne ga sabon reshe, domin taki mai ƙarfi ƙona bakin yankan yake yi, ko ya tura shi fitar da ganye alhali babu saiwar da za ta ciyar da ganyen. Haka kuma itatuwa masu taurin kai, waɗanda ba sa yin saiwa da sauƙi, sun fi jin hodar IBA da ake sayarwa musamman don wannan aiki.

Yadda ake yi ba shi da wuya. A yanko reshe lafiyayye da wuƙa mai kaifi da tsabta, da sassafe, a yanke daidai ƙarƙashin ido. A cire ganyen ƙasa. A sirka ruwan ciyawar yadda takardar jikin kwalbar ta faɗa, a tsoma gindin reshen na wasu sa'o'i, sannan a dasa a leda mai yashi da ƙasa mai laushi, a ajiye a inuwa. Bayan haka a riƙa ba shi sirkakken ruwan duk mako ɗaya ko biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara yawa don a ga sakamako da sauri. Sinadarin da kaɗan ɗinsa ke fitar da saiwa, yawansa hana ta yake yi.

Wanda ke zaune kusa da teku, kamar 'yan'uwanmu na Legas ko Akara, yana iya haɗa nasa. A wanke ciyawar sosai da ruwan daɗi, domin kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, gishiri kuwa kashe sabuwar saiwa yake yi. A jiƙa ta a bokiti mai murfi na 'yan makonni, nesa da ɗaki saboda wari, a tace, a sirka kashi ɗaya da kashi goma na ruwa, har ya koma launin shayin da bai ji ganye ba.

Akwai gargaɗi guda da bai kamata a yi wasa da shi ba. Tun 2011 wata ciyawa ruwan ƙasa mai suna Sargassum take ta tuɗaɗowa gaɓar Afirka ta Yamma da tsibiran Karebiyan da yawan gaske. Ganinta a banza yana jan hankali, amma an san tana tara gubar asenik a jikinta. Kada a zuba ta a kan abin da za a ci. A bar ta ga furanni da itatuwan inuwa.

Mu da ke nesa da teku, ta kwalba ce tamu, kuma tana da tsada. Don haka ba na ganin dalilin da zai sa mai zogale, dashi ko bini-da-zugu ya kashe kuɗinsa a kanta, tunda waɗannan da kansu suke kamawa. Wanda zai ci ribarta shi ne mai renon rumman, inabi, lalle ko furanni, wanda kowane reshen da ya mutu asara ce a aljihunsa. Shi ma kafin ya sayi da yawa, ya raba rassansa gida biyu, ya tsoma rabi ya bar rabi, bayan wata guda ya tone ya duba saiwar da idonsa.